Ƴar Tayar Da Ta Ceci Tsofaffin Injinan Amurka

Yau tarihi za mu taɓa, amma na cikin injin mota. Labarin wani ɗan ƙarfe ne da bai wuce babban yatsa ba, wanda ya sa masu tsofaffin motoci a Amurka suke kwance injinansu suna kashe maƙudan daloli.

Kafin mu shiga labarin, bari mu san abin da muke magana a kai. A cikin inji akwai wani dogon ƙarfe mai ƙusumbi-ƙusumbi, makanikai suna ce masa kamshaf. Aikinsa buɗe bawul da rufe shi a kan lokaci, mai da iska su shiga, hayaƙi ya fita. A tsofaffin injina, kamshaf yana can ƙasa a cikin bulok. In ya juya, ƙusumbin ya ɗaga wani ɗan ƙarfe da ake kira tafet, tafet ya tura sanda, sanda ta danna bawul. Tsohon tafet gindinsa a shafe yake, gogar ƙusumbin yake yi, ƙarfe a kan ƙarfe. Sabon kuwa an sa masa ƴar taya a gindi, mirginawa yake yi. Shi ake ce wa rola.

A 1955 kamfanin Chevrolet, ƙarƙashin jagorancin injiniya Ed Cole, ya fito da ƙaramin injinsa mai silinda 8, mai girman lita 4.3. Ga arha, ga rashin nauyi, ga ƙarfi. Zuriyar wannan inji ta yaɗu har a 2011 kamfanin General Motors ya yi bikin ƙera na miliyan 100. Shekara 30 da ɗoriya na farko, da shafaffen tafet aka riƙa fitar da shi, don ya fi sauƙin ƙerawa.

Kuma fa akwai dabara a ciki. Gindin tafet ɗin yana da ɗan tudu da ido ba ya gani, ƙusumbin kamshaf kuma an ɗan karkata shi. Wannan ne ke sa tafet ya riƙa juyawa a raminsa, kada wuri ɗaya ya cinye. Sai kuma baƙin mai. Tun shekarun 1940 ake zuba masa wani sinadari mai suna ZDDP, wanda ke ɗauke da zinki da fosfaras. In wuri ya yi zafi kuma matsi ya yi yawa, sai ya yi wata ƴar fata a kan ƙarfen, ita ke cinyewa a madadinsa.

To ina rola ta fito? Ba sabuwar aba ba ce. Baburan Harley-Davidson sun daɗe da ita. Wanda ake dangantawa da shigo da ita cikin motocin tsere shi ne Chet Herbert, mutumin Kalifoniya. Shan inna ta kama shi yana ɗan shekara 20, ya koma keken guragu, amma bai bar gareji ba. Wajen 1950 ya ɗauko dabarar babur ya fara wasa kamshaf mai rola domin motoci. Dalilinsa gudu ne. Shafaffen tafet yana da iyaka: in ƙusumbi ya cika tsini, gefen tafet zai soke shi. Ƴar taya kuwa tana hawa tudu mai tsauri, don haka bawul ya buɗe da wuri, ya daɗe a buɗe, inji ya shaƙi iska sosai. Sai dai tsada ta sa abin ya tsaya a filin tsere shekaru da yawa.

Abin da ya fito da ita kan titi, siyasar mai ce. A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana Amurka mai saboda yaƙinsu da Isra'ila. Layi ya cika gidajen mai. A 1975 majalisar Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni rage shan man motocinsu, har a kai mil 27.5 a galan ɗaya kafin 1985. Injiniyoyi suka shiga farautar duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, don kowace guga mai take ci. Ford ya sa rola a injin Mustang mai lita 5 a 1985. Chevrolet ya bi sahu a ƙananan motocinsa a 1987.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A 1975 ɗin dai, yawancin sababbin motocin Amurka suka fara zuwa da matatar hayaƙi a jikin salansa, wadda makanikanmu ke wa laƙabi da indomi. Fosfaras ɗin cikin ZDDP kuwa yana dafe wannan matata a hankali, ya kashe ta. Sai aka shiga rage shi. A ma'aunin API SM na 2004, an ƙayyade kada ya wuce kashi 0.08 cikin 100 a baƙin mai marar kauri, irin 5W-30 da 10W-30. Sababbin motoci ko a jikinsu, tunda suna da rola. Tsofaffi ne suka ji jiki, musamman waɗanda aka ƙara wa sifirin mai ƙarfi.

Masu gareji suka fara ganin mutum ya sa sabon kamshaf, kafin a je ko'ina ƙusumbi ya shafe. Ɓarnar ba ta tsayawa nan. Garin ƙarfen yana bin mai ya shiga ko'ina, ya ci metal, ya karce karanshaf, sai an sauke inji gaba ɗaya. Wasu sun ɗora laifin a kan mai, wasu a kan tafet marar inganci da ya cika kasuwa a lokacin. Dama shi shafaffen tafet sai an yi masa horo: tashin farko, a riƙe inji a kan juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20 zuwa 30. Rola ba ta buƙatar wannan. Shi ya sa da yawa suka ce gara a kashe kuɗin sau ɗaya a huta.

Amma fa ba cire wannan sa wancan ba ne. Ƴar taya dole ta fuskanci hanya ɗaya, in ta juya a kaikaice ta gama da kamshaf. Sababbin bulok an yi musu wurin ɗaure maƙalai, tsofaffi babu, don haka ake haɗa tafet biyu-biyu da ɗan ƙarfe a tsakaninsu. Sabon tafet ya fi tsawo, dole a sake gajerun sanduna, kuma aunawa ake yi, ba kintace ba. Karkacewar nan ta tsohon ƙusumbi ita ke riƙe kamshaf kada ya zame gaba. Na rola a miƙe yake, sai an sa masa wani maɓalli a goshi ya tokare shi. Sifirin bawul sai mai ƙarfi. In kuma kamshaf ɗin na tsantsar ƙarfe mai tauri ne, giyar delko ma sai an sake ta da wadda ta dace, in ba haka ba su ci juna. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Har gasar NASCAR, wadda ta yi shekaru tana riƙe da shafaffen tafet a babban rukuninta, ta ba da kai a 2015.

Mu fa a nan? Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, injinta na wannan tsohon tsarin ne, mai sanda da shafaffen tafet. Kuma waccan ƙa'ida ta fosfaras ba ta hau kan mai mai kauri irin 20W-50 ba, wanda shi aka fi zuba wa tsofaffin motoci a garejojinmu. Don haka in kana da tsohuwar mota a gida, ta Baba ce ko ta gado, kada ka zuba mata man sabuwar mota don kawai ya fi tsada. Duba lambar da ke jikin galan, ka tambayi makaniken da ya san injin.

Nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya kai mu lafiya.