Daga Zango Zuwa Santimita: Tarihin Awon Ƙasa a Kan Takarda

Muna so mu waiwayi tarihin wani ɗan layi da ake rubutawa a gindin taswira, wato sikeli, domin rashin kula da shi ya fara haddasa rigimar filaye a tsakaninmu.

Kakanninmu ba su jahilci awo ba. Suna auna zane da kamu, igiyar rijiya da gaba, nisan tafiya kuwa da zango. A shekarar 1824, da Baturen Birtaniya Kyaftin Kilapaton ya sauka a Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar ƙasashe da hanyar da kogin Kwara yake bi, aka buga ta a Landan a 1826. Irin wannan taswira tana nuna wane gari ke gaban wane, amma nisa sai a tambayi madugu, shi kuwa da kwanaki zai ba da amsa. Zangon mai doki kuma daban yake da na mai jaki.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, haraji ya sa suka bukaci sanin girman kowace gona, aka fito da malaman taki masu ƙidaya tsawo da faɗinta da tafiyar ƙafa. Da yake takun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba, sai safiyo ya zo da sarƙar ƙarfe mai tsawon ƙafa 66, wadda 80 ɗinta ke ba da mil guda. A makarantar horon malamai an koya mana taswirar da inci ɗaya ke tsayawa a madadin mil ɗaya, wato 1:63,360, domin adadin incin da ke cikin mil ke nan. Da Nijeriya ta koma awon mita a shekarun 1970, lissafi ya yi sauƙi. A taswirar 1:50,000, santimita ɗaya a takarda daidai take da santimita 50,000 a ƙasa, wato mita 500. Idan rula ta nuna santimita 14 tsakanin garuruwa biyu, nisansu kilomita 7 ne a miƙe, ban da kwane-kwanen hanya.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye amana a hannun gwamnan jiha, takardar mallaka da zanen safiyo suka ƙara daraja a kan shaidar itacen iyaka. A nan ne abin ya shafe mu. Da yawanmu muna sayen fuloti a gida alhali muna Legas ko Abuja, ba mu ga komai ba sai zane. A zanen 1:1,000, santimita ɗaya mita 10 ce, saboda haka fulotin ƙafa 50 da 100, wato kimanin mita 15 da 30, zai fito santimita 1.5 da 3. To, a ce fili ya fito santimita 3 kowane gefe. A 1:1,000 murabba'in mita 900 ne, amma a 1:500 murabba'in mita 225 ne kacal. Wanda ya rikita sikelin biyu ya biya kuɗin fili huɗu ya karɓi ɗaya, kuma sau da yawa mai sayarwar ɗan uwansa ne, zumunci ya lalace a banza.

Akwai wani tarko kuma. Idan aka faɗaɗa zane a injin kwafi ko aka aiko hotonsa ta waya, lambobin sikeli sun daina aiki, domin takarda ta canza girma su ba su canza ba. Abin dogara shi ne sandar awo da aka zana a gindi, wadda take girma tare da zanen, da kuma tsawon da safiyo ya rubuta a jikin kowane gefe.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba, amma ya san kima. Shawararmu ga ƙungiya ita ce ta ajiye kwafin asali na zanen sabuwar unguwa a ofishinta, kuma kada ɗayanmu ya biya ko kwabo sai an ja tef a filin a gaban shaidu. Allah Ya kiyaye mana zumunci, amin.