Lanƙwasar Ƙ, Ɗ da Ɓ: Daga Zariya Zuwa Kasuwar Singa

 

Kwanakin baya aiki ya kai mu Kasuwar Singa, mu biyu da muka yi difloma tare a fannin kwamfuta. Duk wanda ya san Kano ya san Singa, cibiyar sarin kayan masarufi da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari, inda ake sauke shinkafa da sukari da fulawa da taliya da man girki, 'yan dako na ta kai da komo tun safe har yamma. Wani mai shago ne ya nemi mu duba masa manhajar da yake lissafin kaya da bashi da ita a kwamfutar teburinsa, domin lissafi ya ƙi fita, har an fara kallon yaron shagon da wani ido. Akwai wani abokin ciniki daga Ɗambatta da ya daɗe yana ɗaukar kaya a kan amana, kuma da sunan garinsa ake shigar da shi a lissafi. Maigida ya san bashin da ke kansa ya fi abin da kwamfuta ke nunawa nesa ba kusa ba. To ina saura ya shiga?

Da muka buɗe rumbun bayanan sai muka tarar babu wanda ya ci ko kwabo. Sunan garin ne aka rubuta iri huɗu: D'ambatta, Dambatta, Xambatta da ?ambatta. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne, sai ta raba bashinsa gida huɗu. 'Yar lanƙwasar da ke kan harafi ɗaya ta kusa raba yaro da aikinsa da mutuncinsa. Muna hanyar komawa gida sai muka lura cewa kowane ɗaya daga cikin rubutun nan huɗu gadon wani zamani ne. Tarihinsu shi ne abin da muka kawo muku yau.

Tun kafin zuwan boko, malamanmu sun ji bambancin kaya da ƙaya, da na baki da baƙi, kuma sun nema masa mafita a rubutun ajami. Sun bar ك ga k, suka ba ƙ harafin ق. Sun bar د ga d, suka ba ɗ harafin ط. Da Turawa suka fara rubuta Hausa da haruffansu, tun daga J. F. Schön da ya fitar da ƙamus a 1876 da Magana Hausa a 1885, sai suka ci karo da sautukan da babu su a harsunansu. Hans Vischer, wanda muke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A wancan zamani ana yawan sa ɗigo ne a ƙarƙashin b da d da k don a nuna bambancin. Da G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934, sai ya yi amfani da waƙafin sama: 'b, 'd da k'. Ke nan mai rubuta k'asa ko d'aki a waya yau ba sabon abu ya ƙirƙiro ba, tsohuwar dabara ce ya farfaɗo da ita ba tare da ya sani ba. Wannan shi ne asalin D'ambatta.

Haruffa masu lanƙwasa kuwa a shekarun 1930 suka shigo. A 1926 an kafa wata cibiya ta nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan, wadda masanin harshe Bajamushe Diedrich Westermann yake cikin jagororinta. Cibiyar ta ba da shawarar cewa kowane sauti ya sami harafinsa na kansa, maimakon a riƙa liƙa masa ɗigo ko waƙafi da za su iya faɗuwa a wurin ɗab'i. A Zariya, Hukumar Fassara da ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East ta bi wannan hanya. Ita ce hukumar da ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. Ku lura, sunan littafi ɗaya da sunan marubuci ɗaya a jerin nan ba sa rubutuwa daidai sai da lanƙwasa. Da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, sannan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai haruffan suka shiga makarantu da gidaje suka zauna daram. Daga baya an yi taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 don daidaita rubutu tsakanin ƙasashe. Har yau dai mu a Nijeriya 'y muke rubutawa, 'yan'uwanmu na Nijar kuma ƴ.

Sai dai abin da maɗaba'ar Zariya ke iya yi, akawu a ofis ba ya iyawa. Yawancin tafiretocin da suka shigo ƙasar nan don Turanci aka ƙera su. Mai buga Hausa sai ya buga k ko d, in ya gama ya ɗauki biro ya bi shafi yana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Mai haƙuri ya yi, mai gaggawa ya bari. Da haka ido ya saba da ganin kudi a madadin kuɗi, da kasa a madadin ƙasa, ana cewa ai mai karatu zai gane. Kwamfuta ma da ta zo ba ta kawo sauƙi nan take ba. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII da aka fara fitarwa a Amurka a 1963 gurbi 128 kawai gare shi, a cikinsa b ita ce 98, d 100, k 107, amma babu gurbin ɓ ko ɗ ko ƙ. Wannan shi ne asalin Dambatta.

Zamani na uku shi ne wanda yayyenmu a harkar rubutu suka fi tunawa. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990 Adabin Kasuwar Kano ya bunƙasa, littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka cika kasuwa, shagunan buga takardu da kwamfuta suka yawaita. Buƙata ta sa aka nemi dabara. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka share wa marubuta hawaye, da ya tsara zubin haruffa masu suna Rabi'at da Abdalla. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ɗauki wani madanni da Hausa ba ta buƙata a canza masa hoto. A wasu zubin, in ka danna q sai ka ga ƙ, x ta ba ka ɗ, v ta ba ka ɓ. A wasu kuma alamomi irin su } da ] da ~ aka ara. Aikin ya yi amfani ƙwarai, an buga littattafai da jaridu da kundayen digiri masu yawa da shi. Amma a cikin fayil, harafin yana nan q ɗinsa, riga kawai aka sa masa. Da zarar an buɗe shi a kwamfutar da ba ta da wannan zubi, ko aka ɗora shi a intanet, sai riga ta faɗi, mu ga qasa da xaya, ko }asa da ]aya. Yaron da ya rubuta Xambatta a Singa a irin wannan shago ya koyi bugu.

Maganin gaskiya ya zo ne da Unicode, wanda ya fara fita a 1991. Manufarsa ita ce kowane harafi na kowane harshe ya sami lambarsa da ba ta canzawa a kowace na'ura. Haruffanmu suna ciki tun farkon shekarun 1990: ƙ ita ce 409, ɓ 595, ɗ 599, ƴ kuma 436. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wato hanyar adana waɗannan lambobi, wadda yanzu ita ce ta mamaye intanet. To in haka ne, me ya kawo ?ambatta?

Ga yadda abin yake. Akwatin da yaron shago ke rubuta suna a ciki a kan allo, a ɗaure yake da wani gurbi a rumbun bayanai, duk abin da aka rubuta a nan can yake zarcewa. Akwatin ya karɓi Ɗ lafiya lau, amma wanda ya gina manhajar ya bar gurbin a kan tsohon tsarin Windows-1252, mai ɗaukar alamomi 256 kacal na harsunan Yammacin Turai. Da Ɗ ta iso ba ta sami mazauni ba, sai aka ajiye alamar tambaya a madadinta. Wannan ita ce ɓarna mafi muni, domin harafin ya tafi ke nan, ba mai iya sanin Ɗ ce ko Ƙ ce ko Ɓ sai wanda ya san sunan. A rumbu irin SQL Server, gyaran shi ne a mayar da gurbin daga varchar zuwa nvarchar, kuma a yi hakan kafin a fara zuba bayanai.

Akwai wata ɓarnar mai kama da ita wadda ke da magani. A UTF-8, ƙ tana cin bayit biyu, 198 da 153. Idan wata manhaja ta karanta su da idon Windows-1252, sai ta ɗauka haruffa biyu ne, ta nuna Æ™asa a madadin ƙasa, ɗ kuma ta koma É—. Wannan yana yawan faruwa in aka buɗe fayil ɗin CSV kai tsaye a Excel. A nan ba abin da ya ɓace, karatu ne aka yi ba daidai ba. A sake shigo da fayil ɗin a zaɓi UTF-8, komai zai dawo. Amma in ka adana shi a haka a hargitse, ka ƙara wa kanka aiki. Sai kuma ƙaramin akwati da kan fito a wurin harafi: wannan zubin haruffan ne ba shi da hoton ƙ, a canza zubi kawai. Haka ƙananan firintocin rasit, da yawansu ba su san haruffanmu ba sai an tura musu rasit ɗin a matsayin hoto.

A shagon nan mun gyara gurbin, mun haɗe sunaye huɗu suka koma ɗaya, mun sa a riƙa zaɓen abokin ciniki daga jeri da lambarsa maimakon a riƙa buga sunansa kullum. Lissafi ya fita cif. Maigida ya kira yaronsa a gabanmu ya ba shi haƙuri.

Mu marubuta fa? Mu ne muka fi kowa asara in lanƙwasa ta faɗi. Wanda ya rubuta cewa jaruma ta shiga fada alhali faɗa yake nufi, ya kai mai karatu gidan sarki maimakon wurin rigima. Wanda ya rubuta doki alhali ɗoki yake nufi, ya ɗaura wa zumuɗi sirdi. Kuma littafin da aka ɗora da qauna a sunansa, mai neman ƙauna ba lalle ya same shi ba.

Don haka ga abin da muke roƙon junanmu. Mu sa madannan Hausa a wayoyinmu, Gboard yana da su, Windows ma yana da su. Mu riƙa adana rubutunmu a UTF-8. Duk mai tsohon rubutu da aka buga da q da x da v, ko da } da ] da ~, ya ajiye kwafi ɗaya a gefe, sannan ya bi sauran da nema-da-musanya, yana lura da baƙin sunaye kada ya mayar da Qatar ta zama Ƙatar ba da niyya ba. Kafin mu kai wa maɗaba'a, mu mayar da shafi ɗaya PDF mu buɗe a wata na'ura mu gani da idonmu.

Waɗanda suka gabace mu da biro suka riƙa lanƙwasa haruffan nan shafi bayan shafi. Mu kuwa danna madanni ɗaya ne kawai ya rage mana, ba mu da uzuri. Allah ya ƙara mana basira, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.