Jagororin Tsibiran Tabkin Chadi

Mutumin Umarari da ya saba sayen banda a kasuwar kifi ta Hanyar Baga, galibi bai san Tabkin Chadi da komai ba face kifinsa, alhali kuwa a cikin ruwan nan, wanda ke kusan kilomita 200 daga Yerwa, wato Maiduguri, akwai tsibirai masu ɗimbin yawa, waɗanda mutanen wurin ke ce wa tumbu, da ma'abota ilmi da matafiya suka daɗe suna begen ziyarta. Wanda duk ya yi nazarin tarihin waɗannan ziyarce-ziyarce zai iske sharaɗi guda bai taɓa sakewa ba, shi ne cewa baƙo, kome isarsa da dukiyarsa, ba ya kewaya tumbu sai da jagora, kuma sai da amanar mutanen ciki.

Dalilin haka yana ga ɗabi'ar tabkin kansa, domin ruwa ne marar zurfi, mai cike da ciyayi dogaye da ke toshe hanya, har ma waɗansu tsibiran ba ƙasa ba ce, curin ciyawa ne da iska ke kaɗawa, ta yadda mashigar da aka bi da hantsi kan rufe kafin la'asar. Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, su ne suka mallaki ilmin wannan ruwa. A da sukan ɗaure ciyawar tabki dami-dami su yi jirgin da suke ce wa kadai, su tura shi da doguwar sanda, su yi fiton kanwa daga gaɓar Kanem zuwa gaɓar Borno, shanunsu na Kuri masu kumburarrun ƙahoni kuwa suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri don neman kiwo. A zamanin da, mutanen gaɓa na tsoron harinsu ainun, kuma hukuncin Shehun Borno bai cika ratsa ruwan ya kai gare su ba.

A watan Fabrairu na 1823 Turawa matafiya Denham da Clapperton da Oudney suka hango tabkin a kan hanyarsu ta zuwa Kukawa wurin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, amma iyakarsu gaɓa. Sai a 1851, zamanin Shehu Umar, wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth (Barth ɗin ne aka sani da Abdulkarim), ya shiga cikin tsibiran. Jirginsa abin al'ajabi ne, gama a Malta aka ƙera shi, aka ɗora shi gunduwa-gunduwa bisa raƙuma tun daga Tarabulus, aka ƙetare Sahara da shi, sa'an nan aka harhaɗa shi a bakin tabki. Duk da wannan ɗawainiya, da jirgin bai tsinana kome ba in ba don Fugo Ali na Maduwari ba, wani shugaba daga Kanembu mai mu'amala da Buduma, wanda ya raka baƙon fiye da wata guda suna sauka a tsibirai ana karɓarsu da karamci. Overweg bai rayu ya tsara labarin rihlarsa ba, don ajali ya cim masa a Maduwari a watan Satumba na 1852. Bayansa da shekara hamsin da 'yan kai, Boyd Alexander ya zo da jiragen ƙarfe, ya sha fama da taɓo da ciyawa a 1904 da 1905, kuma kabarinsa yana nan Maifoni kusa da na ɗan'uwansa Claud.

A ganina, marubutan tarihi ba su yi wa jagororin nan adalci ba, domin an cika littattafai da sunayen waɗanda aka kai, an bar waɗanda suka kai su, sai ɗai-ɗai irin Fugo Ali. Hujja a kan darajar saninsu ta bayyana a 1969, sa'ad da Thor Heyerdahl na ƙasar Norway ya yi nufin ƙetare Tekun Atlantika da jirgin ciyawa, sai ya zo garin Bol ya ɗauki maƙeran jirgi na tabkin, suka ɗaura masa jirgin da ya sa wa suna Ra a Masar, har Abdullahi Jibrin, wanda ya zo tare da su, ya shiga cikin matuƙansa. Jirgin bai kai gaci ba, amma ya yi tafiyar dubban kilomita a teku kafin a bar shi.

A wajejen 1963 faɗin tabkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, kuma a 1964 Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa hukumar kula da shi. A wancan zamani masunta Hausawa suka yi ta kwarara zuwa Baga, kwalekwalen katako da injin suka fara maye gurbin kadai, har ya zamana baƙo na iya yin sammako daga bakin ruwa, mai jirgi ya kewaya da shi ya ga sansanin masunta da tsuntsaye da dorinar ruwa, ya komo kafin magariba. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye ruwan nesa da tsohuwar gaɓa, sa'an nan fitinar Boko Haram, musamman harin Baga na Janairun 2015, ta watsa mutanen tsibirai da yawa.

Daga cikin waɗanda suka watse akwai dattawan masunta da masu fito da suka zauna a unguwannin Maiduguri, masu riƙe da sunayen tumbu da mashigansu a ka. Ya wajaba ga malaman tarihi na Jami'ar Maiduguri da ɗalibansu su nemi waɗannan dattawa, su rubuta abin da ke bakinsu, tare da sunan kowane ɗaya daga cikinsu.