Tarurrukan masu son daina shan giya: yadda suke da yadda ake samun su

Taron taimakon juna zama ne da mutanen da jarabar giya ta kama suke yi a tsakaninsu, babu likita babu mai wa'azi. Kowa na faɗin abin da giya ta yi masa da yadda yake kame kansa. A zangunan Hausawa na Kamaru, Chadi, Togo da Ghana, inda shan giya haramun ne kuma abin kunya, mai wannan lalura yakan ɓoye ta shekara da shekaru, ko bil-bil yake sha ko akpeteshie ko wiskin leda. Amfanin taron shi ne ana zuwa a sirrance, kuma kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019.

Ƙungiyoyin

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce AA, wato Alcooliques Anonymes a ƙasashen Faransanci, Alcoholics Anonymous a na Turanci. Bill Wilson da likita Bob Smith ne suka kafa ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, bayan sun lura cewa hira da wanda ya san ciwon tana taimaka wa mashayi ya riƙe kansa. Tsarinta ya ginu a kan matakai 12, na farkonsu shi ne mutum ya yarda giya ta fi ƙarfinsa.

Akwai kuma Croix-Bleue, ƙungiyar Kiristoci da aka kafa a Janiba a 1877, mai rassa a Chadi, Kamaru, Togo da Ghana. Iyalan mashaya suna da tasu, Al-Anon, tun 1951.

Yadda zaman yake

Sharaɗin shiga AA ɗaya ne: son daina sha. Ba a rajista, ba a neman katin shaida, kuma sunan farko kawai ake faɗi. Zama yakan ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi. Baƙo zai iya yin shiru ya saurara har a tashi. Idan an zagaya da kwandon taimako, mai hali ya sa abin da ya sawwaƙa, don kuɗin haya da shayi. Abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita waje.

Tarurrukan iri biyu ne. Rufaffe, réunion fermée, na masu matsalar ne kaɗai. Buɗaɗɗe, réunion ouverte, mata ko ɗan'uwa ko aboki na iya rakiya. Bayan ɗan lokaci sabon shiga yakan zaɓi wani da ya jima da dainawa ya zama jagoransa, wanda ake kira parrain ko marraine, ya riƙa kiran sa idan sha'awa ta motsa. Ba a ɗaukar alkawarin har abada. Yau kaɗai ake nufin wucewa ba a sha ba, gobe a sake niyya. Wanda ya koma sha ba a korar sa.

A 2020 cibiyar Cochrane ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum fiye da 10,000, ta gano cewa hanyar AA tana kai mutane ga dainawa gaba ɗaya daidai da sauran hanyoyin jinya, wani lokaci ma fiye.

Inda za a nema

Tarurrukan sun fi yawa a manyan birane irin su Accra, kuma galibi da Faransanci ko Turanci ake yin su. Hanya mafi sauƙi ita ce tambayar sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar asibitin Jamot a Yaounde, ko Pantang da Ankaful a Ghana, ko ofishin Croix-Bleue mafi kusa. A intanet, a rubuta sunan ƙungiyar tare da sunan gari, sannan a kira a tabbatar da rana da wuri, domin sukan canja. Wanda ke tsoron idon sani zai iya zaɓar unguwa mai nisa, ko ya shiga taron Zoom da kyamara a kashe. Inda babu taro, ƙa'idar AA ta yarda mutum biyu ko uku su fara nasu.

Batun addini

Sau da yawa a ɗakin coci ake zama, saboda nan ne haya ta fi araha, amma AA ba ta ƙarƙashin wani addini. Matakanta suna maganar dogaro ga Ubangiji yadda kowa ya yi imani da shi, don haka Musulmi na halarta da aƙidarsa. A 1989 wasu Musulmi a Baltimore suka kafa Millati Islami, wadda ta daidaita matakan 12 da koyarwar Musulunci.

Gargaɗi kafin a daina

Taro ba asibiti ba ne. Wanda ya saba sha mai yawa kullum, idan ya yanke farat ɗaya, zai iya fara rawar jiki, gumi da amai cikin awa 6 zuwa 24. Bayan kwana biyu zuwa uku wasu sukan shiga ruɗewa da gane-gane, wasu kuma jijjiga irin ta farfaɗiya kan kama su tun kafin nan, kuma hakan na iya kisa. Masu niyyar tuba a daren ɗaukar azumi su kula da wannan. A fara ganin likita, shi zai ba da maganin da ke sauƙaƙa kwanakin farko, sannan a ci gaba da zuwa taro.