Yadda tsoffin sojojin Amurka ke ɗaukaka ƙara kan kason nakasa

A Amurka, tsohon sojan da ya samu rauni ko ciwo a dalilin aikin soja yana karɓar diyya duk wata daga Ma'aikatar Kula da Tsoffin Sojoji, wadda aka fi sani da VA. Yawan kuɗin ya dogara ne da kason nakasar da aka yanke masa, daga sifiri zuwa kashi 100, ana hawa goma-goma.

Ciwon gaɓoɓi da na baya da na ƙafa sukan jawo jayayya, domin da awo ake yanke su. Likita kan ɗora ma'aunin kusurwa a gaɓar ya ga iya inda take lanƙwasawa. Wanda bayansa ba ya sunkuyawa fiye da digiri 60 yana samun kashi 20, idan kuwa bai wuce digiri 30 ba, kashi 40. Gwiwar da ta tsaya a digiri 45 kashi 10 ce. Bajewar tafin ƙafa, idan ta yi tsanani a ƙafafu biyu, tana kaiwa kashi 50.

Sai dai awon na rana ɗaya ne, shi kuwa ciwon baya yana da ranar tashi da ranar lafawa. A nan gizo ke saƙa. A shari'ar DeLuca ta shekarar 1995, kotun ɗaukaka ƙarar tsoffin sojoji ta ce wajibi ne a duba raɗaɗi da kasala da halin da mutum ke shiga idan ciwon ya motsa, ba kusurwar da aka auna kaɗai ba. Rahoton likitan da ya tsallake wannan hujja ce babba a hannun mai ƙorafi.

Tun daga Fabrairun 2019, wanda bai gamsu ba yana da hanyoyi uku. Yana iya neman babban jami'i ya sake duba fayil ɗin ba tare da sabuwar hujja ba, ko ya kawo sabuwar hujja, kamar hoton asibiti ko shaidar matarsa, ko ya je gaban alƙalin Hukumar Ɗaukaka Ƙara. Hanya ta farko da ta uku wa'adinsu shekara ɗaya ne daga ranar hukunci. Idan hukumar ta ƙi, yana da kwana 120 ya tafi kotu.

Ba a tara kason kai tsaye. Mai kashi 50 na ƙafa da 30 na wani ciwon ba 80 yake samu ba: ana ɗaukar kashi 30 na ragowar 50, wato 15, jimilla 65, sai a mayar da ita 70.