Jeri mai talewa a yaren C

Jeri mai talewa shi ne jerin da ake ajiyewa a ƙarshen tsarin bayanai a yaren kwamfuta na C ba tare da an faɗi girmansa ba, sai manhaja ta fara aiki ake ware masa wuri. Ƙa'idar C99 ta shekarar 1999 ce ta amince da shi, ana rubuta shi da [] kawai. Kafin nan masu rubuta manhaja sukan yi dabara da [1] ko [0].

Wannan tsohuwar dabara ta sa kompaila, manhajar da ke fassara rubutun C zuwa yaren na'ura, ke ɗaukar duk jerin da ya zo ƙarshe a matsayin mai talewa, ko da an faɗi girmansa, ba ta kama rubutun da ya wuce iyaka. Nan masu kutse ke samun ƙofa.

Don toshe wannan ƙofa, kompaila GCC 13, wanda ya fito a 2023, ya zo da zaɓin -fstrict-flex-arrays mai matakai 0 zuwa 3. A mataki na 3, [] kaɗai ake yarda da shi a matsayin mai talewa, abin da ke iya karya tsofaffin manhajoji. Masu kula da Linux, ginshiƙin wayoyin Android da ke hannun mutane har a Gaya da Ajingi, sun shafe shekaru suna gyara tsofaffin jeri ɗaya bayan ɗaya kafin su kunna wannan mataki a Linux 6.5.