Laftof Ko Kwamfutar Girke: Wacce Ta Fi Dacewa Da Mai Tace Fim A Yankinmu?

Tun da finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka karɓu a YouTube, matasanmu na Kudan, Hunkuyi, Makarfi da Ikara suka duƙufa koyon tace bidiyo. Tambayar da aka fi yi min ita ce: in na tara kuɗina, laftof zan saya ko kwamfutar girke? Kuɗi ne na gumi, wani ma kuɗin raken da ya noma ne, don haka ga abin da ya kamata a duba.

Ƙarfin aiki

A kuɗi ɗaya, ta girke ta fi ƙarfi. Kar suna ya ruɗe ka. Katin hoto na RTX 4090 na kwamfutar girke yana da ma'adana 24GB, yana jan wuta har wat 450. Mai wannan suna a laftof 16GB ne, wutarsa kuma wajen wat 150 zuwa 175. Sannan idan laftof ta ɗau zafi, da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Ka tuna da zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka.

Wuta

Nan ne laftof take ramawa. A tsarin rukunin A da aka ƙara wa kuɗi a Afrilun 2024, awa 20 ne alƙawari a rana, amma yawancin garuruwanmu ba sa ciki. Fetur kuma kowa ya san yadda ya koma tun cire tallafi a Mayun 2023.

Mu yi lissafi. Kwamfutar girke da allonta in tana cin wat 400, aikin awa 6 zai ci wat-awa 2,400. Batirin inbata na ruwa mai 200Ah, 12V, abin da yake ɗauka ke nan gaba ɗaya, kuma rabi ake so a sha don ya daɗe. Ka ga sai da batir biyu. Laftof mai cin wat 120 kuwa, 720 kawai za ta sha. Kuma in an ɗauke wuta ana tsakiyar fitar da fim, batirinta zai riƙe ta. Ta girke in babu UPS, shi ke nan, sai a sake daga farko.

Gyara da ƙari

Ta girke kamar gidan ƙasa take, duk shekara kana iya ƙara ɗaki. Ka ƙara RAM, ka canza katin hoto, kayan kuma ana samu a PZ Zariya ko Kano. MacBook tun kafin M1 na 2020 ma, RAM ɗinsu a manne yake, abin da ka saya da shi za ka zauna.

Adobe ta ba da shawarar RAM 16GB don aikin HD a Premiere Pro, 32GB don 4K. Kar ka sauka ƙasa da haka, kuma ka tabbata SSD ce a ciki. In kuɗin manhaja ya yi maka yawa, DaVinci Resolve tana da ta kyauta.

Shawarata

In aikinka bidiyon biki ne da waƙa, yau kana Makarfi gobe kana lokeshan a Kano, ɗauki laftof, ka haɗa da matashin fanka da za ta zauna a kai. In kuwa shago gare ka mai sola, kana tace fim mai zango duk mako, ta girke ce taka, amma sa kuɗin batir da UPS cikin lissafi tun farko.

Mai sayen ta hannu, kar ka biya sai ka sa ta fitar da bidiyon minti 10 a gabanka, ka ji ƙarar fanka, ka taɓa zafinta. Kuma ko wacce ka zaɓa, ajiye aikin mutane a wuri biyu. Bidiyon ɗaurin aure ba a sake ɗaukarsa.

Allah ya sa wa nema albarka.